Takardar Komawa Marwa

Litinin, 10 ga Maris, 1975
Zafi. Na jiƙa zane na lulluɓa bayan azahar, kafin in juya ya bushe. Wai wa ya ce a kafa gari a cikin wannan tukunya? Yau na sake kai takardar neman canjin wurin aiki biron shugaban asibiti, wato ofishinsa, karo na biyu ke nan. Mutasiyon, in ji su. A mayar da ni Marwa, ko ƙaramin asibitin bayan gari ne na yarda. Shekara biyu ina karɓar haihuwa a Garuwa, ya isa. Da Hausa nake rubutun nan saboda abokan aikina Faransanci kawai suke karantawa.

Alhamis, 13 ga Maris
Wasiƙa daga Goggo Iyatu, ƙanwar Baba. Idonsa ya ƙara rufewa. Wai makon jiya ya tsoma fatar akuya a ruwan baƙi yana zaton ja ne, cikin sauran majema aka rasa mai gaya masa. Mutumin da ya shekara arba'in yana rina fata! Yanar ido ce, na sani, kuma akwai likitan da ke cire ta a nan. Na aika masa sau uku. Amsarsa ɗaya: "Garuwa ba gari ba ce, tasha ce. Ba na kai idona tasha." To, in shi ba zai zo ba, ni zan koma.

Asabar, 22 ga Maris
Mun kusa ɓatawa da Léontine, wadda muke aikin safe tare. Ni na ja. Na ce Marwa gari ce tun Garuwa tana 'yan bukkoki a bakin ruwa. Na lissafo mata malamai, masaƙa, majema, kasuwar Litinin, da inuwar dogon yaro da za ka bi daga gida har masallaci rana ba ta taɓa ka ba. Garuwa fa, me ke gare ta in ban da sa'a? Ta haifi mai mulki, sai aka zubo mata kwalta da fitila da filin jirgin sama. (Wannan a hankali na faɗa. Ba a faɗarsa da ƙarfi.)
Ta ci gaba da wanke almakashi, ta ce, "Kaltumi, ni dai na buɗe famfo a unguwarmu Poumpoumré da safe, ruwa ya zo. Ke ki yi wanka da tarihi."
Haushi ya hana ni cin abinci.

Laraba, 9 ga Afrilu
Haihuwa shida. Ba amsa daga biro. Alƙalamin ma zamewa yake a hannuna don gumi.

Lahadi, 4 ga Mayu
Ban so rubuta wannan ba.
Mun dawo daga kasuwa da Léontine, na sake tayar da zancen Marwa, ban san me ke damuna ba. Sai ta ajiye kwandonta a gindin wata bishiya. Ta ce kakarta, da igiya aka sauko da ita daga duwatsun wajen Mokolo, Marwa aka kai ta, shekara bakwai kafin ta gudu. Ta ce ita kanta ta yi lakwal a can, wato makarantar boko, kuma a gidan da ta zauna, in ta sha ruwa sai an wanke moɗa sau uku a gabanta.
"A nan ba a yi ne?" na ce.
"Ana yi. Amma nan kowa baƙo ne, kowa sauri yake, ba mai lokacin wanke moɗa. Garinku yana da kyau, ban ƙi ba. Daga cikin gida yake da kyau."
Ta ɗauki kwandon muka tafi. Na tuna wata ƙwarya da ke rataye a zaurenmu, ta masu kawo mana itace daga dutse. Ba ma taɓa ta. Tun ina yarinya nake ganinta, ban taɓa tambaya ba. Ban gaya wa Léontine ba.

Talata, 17 ga Yuni
Baba ya zo! Ba roƙona ne ya kawo shi ba. Ya buɗe Alƙur'aninsa ya kasa ganin ko wasali ɗaya, Goggo ta ce ran na uku da kansa ya ce a nemo mota. Yana sauka ya ɗaga fuska sama ya ce, "Ina inuwar garin? Ko ba a kawo ta ba tukuna?" Ruwan famfo wai ƙarfe yake ji. Naman kasuwa wai bai kai na Marwa ba. Kifin Binuwai kuwa ya cinye tas, ba ƙorafi.

Alhamis, 26 ga Yuni
An yi aikin. Na tsaya a baranda kamar ban taɓa shiga asibiti ba. Léontine ce ta riƙe min aikina, ta kuma aiko masa da kunu. Ya sha. A kofinta.

Alhamis, 3 ga Yuli
An kwance bandeji, an sa masa tabarau mai kaurin gaske, idanunsa suka yi manya kamar na mujiya. Ya daɗe yana kallona. Na zaci zai ce na rame. Sai ya ce, "Ashe haka kike cikin fararen kayan nan." Wata mai jego ta wuce ta gaishe ni da Fillanci, ta ce, "Jam na, Madam Kaltumi?" Ya maimaita a ƙasan maƙoshi, Madam Kaltumi, kamar yana ɗanɗana gishirin miya.

Asabar, 2 ga Agusta
Na kai shi bakin kogi da hantsi. Binuwai ta cika har ta taɓa gindin bishiyoyi, jiragen ruwa sun hauro daga Najeriya, 'yan dako suna ta loda auduga. Baba bai san ruwa ba sai na mayo, rafin nan na Marwa, wanda ke zuwa da safe ya bar yashi da yamma. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.
A nan muka gamu da wani tsoho mai sayar da kanwa, Alhaji Ilyasu. Daga gaisuwa sai asali. Ashe kakanninsu duka daga Kano suka taso, ta Yola suka biyo. Alhajin ya ce ya ji sunan kakan Baba a bakin mahaifinsa, wai ya zauna cikin Hausawan garin nan shekara huɗu kafin ya wuce Marwa.
Baba ya ce, "Wucewa dai ya yi. Mai hankali ne."
Shi ke nan aka buɗe. Alhaji ya ce a Garuwa aka yi wa Jamus ƙawanya har suka miƙa wuya. Baba ya ce kafin nan ai mutanen Marwa sun fita sun tari Jamus ɗin da kansu. Alhaji ya ce kun fita, me kuka samo? Baba ya ce mun samo abin faɗa, ku me kuke faɗa, farashin auduga? Na ɗauka za a tashi baram-baram. Sai da aka kira azahar suka miƙe, hannu cikin hannu, suka bar ni da buhunan kanwa.
Gobe ma wai za shi.

Litinin, 11 ga Agusta
Ta zo. Mutasiyon. Marwa, daga ɗaya ga Oktoba. Sa hannuna kawai ya rage.
Na karanta sau huɗu ina jiran murna.

Litinin, 18 ga Agusta, Marwa
Na rako Baba da Goggo gida. Da na hango dutsen nan da ake kira haƙorin Mindif daga mota sai da hawaye ya zo min, ba ƙarya. Garin nan yana da kyau. Inuwa, warin majema da nake kewa, kowa ya san sunan uwata. Baba ya shiga wurin aikinsa, ya ɗaga fatar nan da ya ɓata, ya duba ta ciki da waje, ya ce a rataye ta kada a jefar.

Laraba, 20 ga Agusta, Marwa
Mata sun cika gida. Sannu da zuwa, kin yi baƙi, Garuwa ta gasa ki. Yaushe za a sake aure? Shekara biyar da mutuwar aure ai ta isa. Ba wadda ta tambaye ni ko yara nawa suka fito ta hannuna. A nan ni bazawarar gidan Malam Adamu ce, kuma ba da mugunta suke faɗa ba, abin da ya fi ci min rai ke nan. Na zauna, na tashi, na share tsakar gidan da aka riga aka share. Hankalina yana kan wata mai cikin tagwaye da na bari, ɗaya a gicciye yake.
Ƙwaryar tana nan a zaure. Na sauke ta na sa cikin sauran kwanuka. Goggo ta gani, ta mayar.
Bayan la'asar Baba ya kira ni. Na nuna masa takardar, na fassara masa. Ya riƙe ta nesa, ya kawo kusa, alhali ba ya karanta boko.
"Saboda idona kika nema?"
Na ce har da shi.
"To ido ya buɗe. Ni ban ce ki dawo ba, 'yar nan. Ke kika rubuta." Ya miƙo min. "In kin koma ki gaya wa mai kanwar nan ban gama da shi ba. Bayan salla zan zo a duba ɗaya idon."
In kin koma. Bai ce in kin je kwaso kayanki ba.

Juma'a, 29 ga Agusta, Garuwa
Tagwayen sun sauka jiya da safe, mace da namiji, uwar tana lafiya. Ni na juya na biyun.
Na mayar da takardar biro ba sa hannu. Na ce a ba abokiyar aikinmu Berthe wurin, mijinta yana can tun bara, ta fi ni buƙata. Shugaban ya dube ni ta saman tabarau ya ce in na sake nema karo na uku zai jefar da ni a kogi. Shekara ɗaya ce kawai zan ƙara, har a gama da idon Baba. Kuma Marwa ta fi, har gobe ta fi, haka na gaya wa Léontine, ta ce i mana, tana dariyar da ban so ba.
Da yamma na bi ta wurin maƙera. Shekara biyu ina kwana kan katifa a ƙasa don kada kaya su yi min yawa ranar tafiya, bayana ya gaji, ba wani abu ba. Na sayi gadon ƙarfe. Sai da mutum uku suka kama, aka cire ƙyauren ɗaki, sannan ya shiga.
Ban san yadda za a fitar da shi ba.