Gudun Liyatu a Daji

Greensboro, Amurka, 14 ga Janairu, 2006

Zuwa ga ƙanena Rabaran Markus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukan jama'ar Wusasa. Yaya ƙafar Mama? Mu nan muna lafiya lau.

Ƙarar yayarka na kawo. Liyatu ta sa sunanta a wani tsere da za a yi farkon wata mai zuwa, mil arba'in, cikin dajin da ke kan tuddai kudu da nan. Ba kan kwalta ba, Markus. Hanya ce siririya irin ta awaki, ga duwatsu, ga saiwoyi, ga rafi. Masu gudun kan nemi jama'a su yi alkawarin gudummawa, abin da aka tara a ba ƙungiyar da ke kula da yara masu sikila. Ba sai na gaya maka dalilinta ba. Da sikila ba ta ɗauke ɗanmu Haruna ba, da bana ya cika ashirin.

Tun bara ta fara. Tana tashi daga aiki a gidan tsofaffi sai ta wuce bakin tafki ta yi ta gudu. Na ɗauka zai bi sahun koyon piyanon da ta yi mako biyu ta watsar. Ashe na yi kuskure.

Har wa'azi ta mayar da abin, ka yi hattara da aikinka. Ta ce akwai farin fenti a jikin bishiyoyi: wani ya riga ka bin hanyar, ba ka ganinsa, alamarsa kawai kake bi. Ta ce a tashoshin hutawa ana miƙa maka ɗan kofi da gutsuren burodi ka ci a tsaye, kamar Jibin Ubangiji. Na ce mata na daɗe ina jera littattafai a laburaren garin nan, na kuma karanta da dama a ɓoye, ban ga inda aka ce sai da takalmin roba ake shiga Mulkin Sama ba.

Ina tsokanarta ne, amma raina ba a kwance yake ba. Ka san tana da hawan jini. Likita ya yarje mata, da sharaɗin ta tsaya da zarar ta ji wani abu. Haka dokar tseren take: a kowace tasha akwai mai tambayar ka yaya jikinka. In ka ce lafiya, ka wuce. An tsara wannan ne don mutanen ƙasar nan, waɗanda in takalmi ya matse su sai duk unguwa ta ji. Ba a tsara shi don 'yar gidanku ba. Mu, ko kan gadon mutuwa aka ce ya jiki, amsa ɗaya ce. Haruna ma "da sauƙi" ya ce wa likita a safiyar da ya rasu.

Kada ka gaya wa Mama. Ka sa mu a addu'a.

Naka,
Ishaya Barau


Greensboro, 3 ga Fabrairu, 2006

Markus,

Gaisuwa gare ka da mutanen gida duka. Ina fata jikin Mama ya yi dama. Muna lafiya.

Gobe ne tseren. Na san kafin takardar nan ta iso komai ya riga ya faru, amma ba ni da wanda zan gaya wa.

Asabar da ta wuce na leƙa ta taga na gan ta zaune cikin mota a ƙofar gida, ta dawo daga gudu, ba ta fito ba. Na sauka. Hannunta a ƙirji, leɓenta ya yi fari kamar toka. Na tambaye ta, ta yi murmushi ta ce da sauƙi, iska ce ta shige ta. Ta shiga ta ɗora tuwo.

Na roƙe ta ta fasa. Ta ce yara nawa ne ke kwance da ciwon ƙashi ba su da ikon fasawa. Na kawo mata hujja daga likitanci, daga tarihi, har labarin mutumin dā da ya yi irin wannan gudun ya isar da saƙo ya faɗi matacce. Ta ce ai ya isar.

Na buga wa masu shirya tseren waya a ɓoye. Wata mata mai ladabi ta saurare ni har ƙarshe. Na yi mata bayanin cewa a wurinmu faɗin ciwo rashin kunya ne da rashin godiya ga Allah, don haka kada su yarda da bakin matata. Ta ce abin ya ba ta sha'awa ƙwarai, amma Liyatu babba ce, maganarta za su bi.

Maƙwabcinmu Seydou, mutumin Maraɗi mai tasi, ya ce zai ajiye aiki ya yi ta zagayawa da ni daga tasha zuwa tasha. Ya fahimci damuwata nan take. Ya ce shi ma ranar da ya karye a hannu, sai da ya kai fasinjansa filin jirgi tukuna.

Ta jera kayanta a kan kujera, takalmi da safa da riga mai hoton Haruna. Na kasa shiga ɗakin.

Naka,
Ishaya


Greensboro, 12 ga Fabrairu, 2006

Ƙanena Markus,

Gaisuwa cikin sunan Mai Ceto. Ina fata kuna lafiya, kai da iyali da Mama.

Tana raye. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran a zaune.

Sanyi ake yi ranar, ƙasa duk caɓi. A tashar farko ta iso tana dariya. A ta biyu ba dariya, amma da yarinyar da ke raba ruwa ta tambaye ta, ta ɗaga mata babban yatsa ta wuce. Na ga yadda take jan numfashi. Na kira sunanta, ta yi kamar ba ta ji ba, daji ya rufe ta.

A tasha ta uku muka tsaya jira. Waɗanda suke bayanta suka zo suka wuce. Wani tsoho mai farin gemu, wanda na tabbata ya girmi Mama, ya zo ya wuce. Na tambayi kowa, ba wanda ya lura da ita. Motar asibiti ba ta shiga wannan hanya, sai dai a ɗauko mutum a kafaɗa. Seydou ya shimfiɗa kwali a gefen mota ya yi azahar, ya ce ya saka ta a addu'a. Ni, mai karatun nan, na tsaya ina kallon farin fenti a jikin wata bishiya, na rasa ko kalma ɗaya ta addu'a.

Can sai ga ta, tana tafiya a hankali, tana dafa bishiyoyi. Ma'aikacin lafiya ya tare ta ya yi tambayarsa. Na ga bakinta ya fara shirya murmushin nan. Sai ta juyo ta dube ni ta ce, "Ishaya, ba ni da lafiya. Ƙirjina ne."

Tun aurenmu ban taɓa jin wannan daga bakinta ba. Da Hausa ta faɗa, ni na fassara wa ma'aikacin.

A asibiti suka ce bugun zuciyarta ya rikice, kuma da ta shiga sashen dajin na gaba, ba lallai ta fito ba. Daga baya ta gaya mini abin da ya faru. Ta ce da zafin ya kama ta, ta zauna kan dutse ta fara addu'a, sai ta ji kanta tana ce wa Allah da sauƙi, ta gode. Ta ce kunya ta kama ta: wanda ya ƙera zuciyar ne take yi wa kara. Ga abin wa'azi na ba ka kyauta, ya fi na fenti.

Ba ta gama tseren ba. Waɗanda suka yi alkawari duk sun cika, har Seydou. Ita dai haushinta mil ɗin da suka rage.

Ranar Alhamis za su yi mata aiki, su saka wata 'yar na'ura a ƙirjinta. Sun ce aiki ne da suka saba, amma sun karanta mana abin da ka iya faruwa ɗaya bayan ɗaya, don su ba sa yi wa kowa kara. Yanzu ka gaya wa Mama. In kun yi waya kun ce ya jiki, ku dakata ku ji amsar, tana koyo.

Za ka lura ban ce muna lafiya lau a saman takardar nan ba. Na rubuta, na soke. Ba na barci, abinci ba ya shiga, ina jin tsoro ƙwarai, Markus. Ka yi mini addu'a da sunana.

Naka,
Ishaya