Kafaɗar Argelio

Litinin, 25 ga Agusta

Leovigildo ya kira ni ofis bayan atisaye. Tunda shi ne babban kocin ƙungiyar besbol ta lardi, wasan nan na jifan ƙwallo da dukanta da sanda, ni kuwa masu jifa kawai ke hannuna, sai na tsaya ina saurare kamar sabon zuwa, duk da shekarata goma sha bakwai a filin nan. Yana son sunayen masu jifa biyar da za su riƙa buɗe mana wasa bi da bi a kakar bana. A rubuce, ranar Juma'a ta sama.

Huɗu babu gardama. Ba don sun iya ba, su ne suka rage. Gwanayenmu biyu sun bi teku sun gudu ƙasar waje tun watan Janairu, ko sallama babu.

Na biyar ne matsalar. Ko Argelio, ko Yoandris, ɗan shekara ashirin ɗin da aka sauko da shi daga gonakin kofi.

Leovigildo ya ce, "Na san kai ka riƙe wa Argelio 'ya ranar baftisma, Eliécer. Shi ya sa na ba ka kwana goma sha ɗaya maimakon ɗaya."

Na yi godiya. Ban san godiyar mece ce ba.

Laraba, 27 ga Agusta

An fito da na'urar auna gudun ƙwallo. Yoandris mil casa'in da uku a awa. Argelio tamanin da ɗaya, sau ɗaya ya taɓa tamanin da biyu.

Yoandris bai san inda ƙwallonsa za ta ba. Ya fasa bokitin ruwa, ya sami mutum a cinya, ya yi ta ba da haƙuri har aka gaji da shi. Argelio kuwa duk inda mai cafewa ya ajiye safar hannu nan ƙwallon ke sauka. Sai dai masu duka jiranta suke yi kamar masu jiran bas, ta iso su aika da ita bayan katanga.

Argelio ya leƙa lambar ya ce, "Profe, wannan na'urar tun zamanin Rashawa take. Ita ma a yi mata ritaya." Profe, wato malam, haka 'yan wasa ke kirana. Kowa ya yi dariya. Har da ni.

Shekararsa talatin da takwas. Da ya zo cire riga na ga da hannun hagu ya ja ta.

Alhamis, 28 ga Agusta

Takardar na kan tebur. Sunaye huɗu da layi ɗaya fanko.

Asabar, 30 ga Agusta

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tunda babu mai karantawa.

Shekara tara da suka wuce, a wasannin ƙarshe na cin kofi, na tura Argelio kan tudun jifa sau uku cikin kwana shida. A na ukun ya yi jifa ɗari da hamsin da huɗu. Ni nake ƙirgawa, littafin na hannuna. Tun a zagaye na bakwai na ga gwiwar hannunsa ta fara sauka. Na je wurinsa na ce, "Yaya hannun?" Ya ce lafiya lau. Na san ƙarya yake. Abin da nake so in ji ke nan, sai na juya na koma na zauna.

Mun ci kofin. An zaga da mu gari a bayan babbar mota, mata na jefo furanni daga bene. An rubuta sunansa da jan fenti a bangon fili.

Tun daga ranar kafaɗar ba ta koma daidai ba. Bai taɓa yi mini maganar ba, ko a cikin maye. Duk ranar Lahadi ina cin shinkafa da baƙin wake a gidansa, matarsa Mireya ta zuba mini har da ƙari, 'yarsu ta zo ta durƙusa in sa mata albarka.

Litinin, 1 ga Satumba

Ba wuta tun safe. Na ci rogo da tafarnuwa a tsaye. Wane irin aiki ne wannan, mutum ya tsufa yana auna hannuwan 'ya'yan mutane.

Talata, 2 ga Satumba

Mireya ta zo da tsakar rana, ita kaɗai. Da na hango ta a ƙofa na ce shi ke nan, ta zo roƙo. Na ɗora kofi don in sami abin yi da hannuna.

Ba ta sha ba. Ta ce, "Compay, kada ka sa sunansa."

Compay shi ne kiran zumuncin da ke tsakanina da su tun ranar baftismar.

Ta ce ita take taje masa kai tun watan Mayu. Ita take sa masa riga. Kafin ya fito atisaye yana haɗiye ƙwayoyi huɗu, wani ma'aikacin jinya yana yi masa allura a ɓoye. Likita ya gaya musu in ya sake yin kaka guda, cokali ma sai ya gagare shi.

"Ni ba ya jin maganata. Likita ma ba ya ji. Kai kaɗai ne in ka ce a'a ta zauna."

Na ce to in gaya masa daga gare ta ne?

Ta ce, "In ka gaya masa, auren nan ya mutu. Ka rantse mini."

Na rantse. Ta tafi ta bar kofin ya huce.

Laraba, 3 ga Satumba

Wasan gwaji, mu da mu. Sai yau Argelio ya ga dama ya yi kyau. Zagaye huɗu, mutum ɗaya kacal ya zagayo gida ya ci maki a kansa. Wayo ne zalla: a hankali, a hankali, sai wadda ta fi su sanyi. Samari suka yi ta dukan iska suna zagin kansu. Yoandris kuwa ya ba mutum biyar hanya kyauta a zagaye uku saboda kaucewar jifarsa.

Leovigildo ya dube ni ya ɗaga gira. Wato ko tsohon ne ma babu laifi. Da jiya ba ta faru ba da na sami mafaka.

Argelio ya sauko yana haki, ya zauna kusa da ni. Fuskarsa ta yi fari fat, hannun dama na rawa a kan cinya, ya rufe shi da hula.

"Ka gani? Saura nasara uku in cika ɗari da hamsin. Uku kawai, Profe. Daga nan ni da kaina zan kawo maka rigar."

Na ce na gani.

Juma'a, 5 ga Satumba

Na rubuta Yoandris.

Kafin in kai takardar na ja Argelio bayan ɗakin kaya. Ban yarda ya gani a allo kamar kowa ba. Na shirya maganganu tun a hanya, game da gudun ƙwallo, game da gobe. Da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Ba ka cikin biyar ɗin."

Ya yi murmushi tukuna, yana jiran ƙarshen wasan. Sannan murmushin ya tafi.

"Shekaran jiya ba ka nan ne?"

"Ina nan."

"Leovigildo ne?"

"Ni ne."

"Wani ya gaya maka wani abu?"

Na ce babu wanda ya gaya mini komai, idona ne. Na ce akwai wuri a cikin masu shigowa daga baya, zagaye ɗaya ko biyu, ko kuma ya taya ni horar da matasa.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Ranar da kake buƙatar hannun nan ba ka ga yana ciwo ba. Ɗari da hamsin da huɗu. Ka ɗauka ban ƙirga ba? Kowace ɗaya na ƙirga. Shekara tara ina jira ka ce wani abu. Yau ka ce."

Na ce, "Compay."

Ya ce, "Profe dai."

Na kai takardar. Leovigildo ya karanta, ya ce in je gida in huta.

Lahadi, 7 ga Satumba

Ban san abin da mutane ke yi da ranar Lahadi ba.

Laraba, 10 ga Satumba

Argelio ya kwashe kayansa jiya kafin in iso. Ya ƙi wurin da aka ba shi, ya ƙi bikin bankwana. An ce surukinsa zai ba shi aiki a rumfar gyaran keke.

A layin burodi wani tsoho ya ce da ƙarfi don in ji, "Ga wanda ya kori Argelio." Wata mata ta ce ai haka suke, su sha rake su tofar. Ban juya ba. Ba su yi ƙarya ba, shekarar ce kawai suka kuskure.

Asabar, 13 ga Satumba

Na haɗu da Mireya da yarinyar a bakin kasuwa. Yarinyar ta kau da kai. Mireya ta ce ina kwana kamar wadda ke gaida mai karɓar shara, ta wuce. Dole ta yi haka, na sani. Sanin bai rage komai ba.

In kakar nan ta ƙare zan ajiye aikin. Ƙanwata na da ɗaki a ƙauye, akwai aladu, akwai ayaba. Ba na son in sake ganin an ɗaga hannu an yi jifa.

Alhamis, 18 ga Satumba

Yoandris sai bina yake yana tambaya. Profe kaza, Profe kaza. Na ce ya je ya yi gudu. Ba laifinsa ba ne, amma ba na iya kallon fuskarsa.

Alhamis, 25 ga Satumba

Wasa na biyar, ranar Yoandris. Rana tsaka, 'yan kallo rabin fili. An ci mu uku da biyu.

Zagaye biyun farko kamar yadda na zata. A na huɗu ya cika kusurwa ukun fili da abokan hamayya, duka ɗaya zai kai su gida, ga babban mai dukansu ya shigo, wanda ko Argelio a zamaninsa yana kaffa-kaffa da shi. Na je tudun. Na ce ya bar ƙarfi, ya yi mai lanƙwasar nan da kakansa ya koya masa da lemo.

Ƙwallon ta taso kamar za ta sami mutumin a kunne. Ya sunkuya. Ta karyo ta faɗa tsakiyar safar hannu. Alƙali ya ɗaga hannu, mai dukan ya fita.

Wai na buga benci har kofin Leovigildo ya zube. Haka suka ce. Ni dai na ga kaina a tsaye, ina ihu.

Ba wani abu ba ne. Jifa ɗaya ce, kuma an ci mu.

Sai da na hau keke, na wuce gada, sannan na tuna ban ɗaga kai ko sau ɗaya na duba kujeru ba, in ga ko Argelio ya zo. Na tsaya a gefen hanya na ɗan jima.

Ƙafar Yoandris ta hagu a karkace take sauka, shi ya sa ƙwallon ke gudu gefe. Na ce ya zo gobe ƙarfe bakwai, kafin sauran.