Bakan Gizo a Mashigin Kyaftin Dewitt

Litinin, 9 ga Yuni

Tsohon jirgin Kyaftin Dewitt ya nutse a inda yake ɗaure. Da muka fito da safe hancinsa kawai ke waje. Na ce, "Kyaftin, ai ya gaji da jiran fenti ne, ya tafi wanka." Bai yi dariya ba, shi da ko kaguwa na sa masa cikin takalmi sai ya dara kafin ya zage ni. Tankunan jirgin cike suke da dizal. Jiya muka sha mai.

Laraba, 11 ga Yuni

Man ya fara tasowa, ya shimfiɗu kan ruwa kamar bakan gizo. Kyaftin ya miƙo min robar sabulun wanke-wanke. "Berry, matsa wa man nan kafin ma'aikatan gaɓar teku su hango." (Shekara shida ina ɗakin bayan gidansa, har yau bakinsa ya ƙi Mberwa.) Na matsa, take launin ya watse. Na ɗaga hannu kamar malaminmu na allo yana tofi, na ce na kori aljanin. Yaran bakin ruwa har da tafi.

In hukuma ta gani za ta ƙwace masa izinin kamun kifi. Ya ce ƙaninsa zai kawo injin ɗaga jirgi. Yaushe? Oho.

Asabar, 14 ga Yuni

Sabulu safe da yamma. Wari har cikin shayi.

Talata, 17 ga Yuni

Na leƙa rumfar Mis Loyce, maƙwabciyarmu mai kiwon kaguwa masu saɓa. Da maciji na roba a aljihuna na je, don in tsorata ta. Na tarar tana tsince matattu daga tankuna tana jefawa a bokiti. Sun mutu rabi a cikin tsohon ɓawo, rabi a waje. Injinta daga gindin mashigi yake jawo ruwa.

Ta ce, "Kai ɗan banza, kai mai hancin kare, sansana min ruwan nan."

Na sansana. Na ce, "Ƙafar Kyaftin nake ji."

Ta kai min duka da tawul. "Na leƙa mashigi ban ga ɗigon mai ba. To me ke kashe su?" Da kaguwar watan nan take cin shekara.

Macijin bai fito ba.

Laraba, 18 ga Yuni

Da ruwa ya janye na tura hannu cikin taɓo ƙarƙashin gadar katako. Ya fito baƙi, da santsi. Ashe sabulun ba korar man yake ba, nutsar da shi yake ƙasa, daidai bakin bututun injin Mis Loyce. Ƙananan kifi birjik, ciki sama.

Na nuna wa Kyaftin hannuna. Ya daɗe yana kallo. "Mako ɗaya, ɗana. Mako ɗaya kawai, ƙanina na tafe." Bai taɓa ce min ɗana ba.

Alhamis, 19 ga Yuni

Na matsa sabulun. Ban ci abinci ba. Mis Loyce ta aiko mana da kek, wai jajen jirgi. Allah ya sani.

Juma'a, 20 ga Yuni

Yau jirgin sintirin ma'aikatan gaɓar teku ke bi ta nan. Na fito da robar a hannu, na zauna bakin gada ina gyara igiyar takalmi. Igiyar ta ba ni wahala ƙwarai. Kafin in gama, bakan gizon ya kai tsakiyar mashigi, jirginsu ya juyo.

Yanzu sun kewaye wurin da shingen roba mai ruwan lemo, sun ce gobe za a zuƙe man. Mis Loyce ta kashe injinta. Ba ta kalli gidanmu ba.

Kyaftin ya ce, "Ka manta ne?"

Na ce na manta.

Ya karɓi robar ya girgiza, cike take. Ya kai ta kicin ya ajiye wajen kwanuka. Bai ce in kwashe kayana ba, bai kuma kira ni cin abinci ba. Ina jin motsin cokalinsa daga nan.