Da Dama Zan Ci

Ƙofar Na'isa, Kano.
Zuwa ga Yaya Ɗalha,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali duka. Na zaɓi takarda ne don in na kira waya ba za ka bar ni in kai ƙarshen magana ba.

Mai ɗorin da ka turo na sallame shi da goro. Faɗuwar da na yi a bakin rijiya ba targaɗe ba ce, hoton ƙashi ya nuna gwiwar hannuna ta dama ta farfashe. An yi mini tiyata a asibiti, an haɗa ƙashin da ƙarfe da ƙusoshi. Ni na amince da bakina, kada ka ɗora wa 'yata Dije laifi.

Ƙanwarka, Kulu.

Gwale, Kano.
Zuwa ga Kulu,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi. Amma raina ya ɓaci ƙwarai. Kaf gidanmu ba a taɓa tsaga mutum saboda karaya ba, sai a kanki, kina da jikoki.

Kuma labari ya iso ni cewa a sunan gidan Malam Sani kin sa hannun hagu a kwano, mata na kallo. 'Yar malamai! Ki ɗaure hannun nan ya huta, ki dawo gidana. Ga yara, za su riƙa ba ki abinci a baki har ki warke.

Ki ji magana. Yayanki, Ɗalha.

Ƙofar Na'isa.
Yaya,

Sallama da gaisuwa. Eh, na ci da hagu, domin dama ba ta kai baki, yunwa kuma ba ta san ni 'yar malamai ba ce. Na ji kunya, kada ka zaci ban ji ba. Tun daga ranar a ɗaki nake cin abincina.

Amma ɗauri kam, a'a. Likita ya ce in aka bar gwiwa ba motsi, sandarewa take yi. Kullum ina lanƙwasa ta ina miƙewa har gumi ya jiƙa mini riga. Dije kan gudu zaure don kada ta ji ihuna. Yanzu yatsuna suna taɓa haɓa.

Ka ce gidanmu ba a tsaga mutum. Gaskiya ne. Shi ya sa Baba, bayan an ɗaure masa hannu wata da watanni, ya ƙare rayuwarsa Inna na ba shi tuwo a baki. Kai kana makaranta, ni ce mai sakin labule don kada ɗalibansa su gani. Na ga fuskarsa, Yaya. Ba mai ba ni abinci a baki ina da rai da hankalina, ko da kai ne.

Ka huta lafiya. Kulu.

Gwale.
Kulu,

Salamun alaikum. Taurin kanki sai addu'a, kuma ina yi. Ban san da zancen labule ba. Ina hannun ya kai yanzu?

Ɗalha.

Ƙofar Na'isa.
Yaya,

Ina gaisuwa. Yau da azahar na ɗebi lomar tuwo da dama, ta shiga baki. Miya ta ɓata mini zane, na cinye sauran ina hawaye. Likita ya ce hannun ba zai ƙara miƙewa sarai ba. Oho dai. Ni dama baki na nufa.

Taka, Kulu.