Na sa abin bibiya a wayar makiyayin mahaifina

Assalamu alaikum mai kula da wanga shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ina roƙon kada a yi gaggawar yanke mini hukunci. Masu zagi kuma su huta, babu sunan da za su kira ni da shi wanda ban riga na kira kaina ba. Shawara nake nema.

Ni malamar lakkwal ce, wato makarantar boko, a Madawa, na haura shekara arba'in. Da mahaifinmu ya rasu anka raba gado, yayana ya ɗauki gonakin wajen Galma, ni kuma shanu sunka faɗo mini. Shanun nan tun ina yarinya suna hannun wani Bafillace da muke kira Bappa Umaru. Shi ya yi wa mahaifina kiwo, shi ya ci gaba da yi mini. In saniya ta haihu, da ƙafarsa zai tako har gida ya gaya mini launin abin da ta haifa. In wata ta mutu, da fatarta yake zuwa. Ban taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma ban taɓa jin wanda ya kama shi ba.

Yayana kuwa, Yaya Sale, mutum ne da bai yarda da kowa ba saboda ya san halin kansa. Shekara biyu ya yi a Abijan yana tallar takalma, ya dawo da baƙin tabarau da kalmomin faransanci da ba su kai cikin cokali ba, tun daga ranar ya zama masanin duniya. Shi ya riƙa cika mini kunne, wai ni da karatuna na bar dukiya hannun mutumin daji, wai na san inda shanun ke kwana, na san nawa ake saidawa a bayan idona? Na yi ta yi masa dariya, amma maganar ta shige ni. Ba zan ɗora masa duka ba. Ni ma akwai raini cikin raina. Ina ganin na yi boko, na iya abin da tsohon ba zai taɓa ganewa ba.

Na sayi waya sabuwa, na kai wa wani mai gyaran waya a kasuwa. Ban gama bayani ba ya gane, bai ko ɗaga kai ba ya tambaye ni ta maigida ce ko ta ɗiya. Kun ji irin sana'ar da mutum ya zaɓar wa kansa. Ashe layi ake yi a rumfarsa, manyan mutane masu manyan riguna, kowa da wanda yake son leƙa. Na tsaya ina raina su a zuci, na manta cikin layin nake. Ya sa abin bibiyar a sabuwar wayar, ya ɓoye shi yadda mai wayar ba zai gani ba, ya nuna mini yadda zan buɗe a tawa in ga taswira da wani ɗan shuɗin ɗigo. Da Bappa ya zo na miƙa masa wayar, na ce kyauta ce don mu riƙa gaisawa. Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana yi wa mahaifina addu'a. Ni kuma na ce amin. Wace irin mace ce ke cewa amin a irin wannan wuri?

Wata da watanni ina kallon ɗigon nan, har a cikin aji in yara na rubutu. Me na gani? Ruga, burtali, rijiya, masallacin Juma'a, a koma ruga. Ko sau ɗaya bai nufi kasuwar dabbobi ba sai ranar da na aike shi. Mai hankali da ya ji kunya ya goge abin. Ni sai na ɗauka na kai wa Yaya Sale, don in nuna masa wayona, in kuma nuna masa ƙarya yake. Ya lallaɓa ni har na ba shi lambar sirrin buɗe taswirar, ya sa a tasa wayar.

Kakar da ta wuce, kafin a saki gonaki, wasu shanu sunka shiga dawar Yaya sunka yi ɓarna. Ya kira ni muryarsa cike da murna, kamar wanda aka yi wa haihuwa, ya ce ɗigon ya ratsa tsakiyar gonarsa da safiyar ranar. To ni na san gaskiya. Da safiyar nan na kira wayar, matar Bappa ce ta ɗauka, Inna Hajo. Ta ce mini za ta kai nono Galma, an ba ta wayar ta sa caji a can, ta bi ƴar hanyar ƙafa da ta ratsa gonar don ta rage tafiya. Bappa da shanun suna can nesa wajen duwatsu, hanyar Buza. Na gaya wa Yaya duk wannan. Ya ce, "Waya ta shiga gonata ko ba ta shiga ba?" Na ce waya ba ta cin dawa. Ya ce in na kuskura na buɗe baki, shi zai fara gaya wa Bappa abin da na sa masa a aljihu, a gaban jama'a.

Anka kira mu gaban maigari. Yaya bai nuna taswira ba, ya fi haka mugunta. Cewa ya yi yana da mai ba shi labari daga cikin rugar. Ya zayyana inda shanun sunka kwana kowace rana ta makon, da rijiyar da sunka sha, da ranar da Bappa ya tsaya a garin wani abokinsa, sannan ya liƙa ƙaryarsa a ƙarshe, wai shanun Bappa ne sunka shiga dawarsa. Duk abin da ya faɗa kafin ƙaryar gaskiya ne, Bappa bai iya musawa ba, sai mutane sunka ɗauka sauran ma haka ne. Tsohon ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa, Yaya ya ce ba ya son ya halaka dattijo. Dubi tausayi. Maigari ya juyo ya tambaye ni, tunda shanun nawa ne, ko ina da abin cewa. Na sunkuyar da kai na ce ban san komai ba. Anka yanke Bappa ya biya. Bai taɓa nawa ba, karsana ya fitar daga cikin ƴan nasa. Ina kallonsa yana bin fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda ya ci amanarsa. Fuskata ce kaɗai bai duba ba.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila na haɗiye na ci gaba da zama munafuka cikin kwanciyar hankali. Amma Bappa ya yi lissafinsa, ya ga mutum ɗaya ne ya san duk inda ya taka a makon, wato Jibo, mijin ɗiyarsa, wanda suke kiwo tare. Jibo ya rantse, ya yi kuka, Bappa bai saurare shi ba. Ya ɗauke ɗiyarsa da jaririn goye ya maido gabansa, ya ce ba ta zama da maci amana. Jibo ya kora ƴan dabbobinsa ya yi wajen Keita. Na ji an ce yarinyar ta daina cin abinci. Bayan haka Bappa ya zo gidana, ya zauna bakin tabarma, ya ce, "Ɗiyata, ki yafe mini. Na jawo wa shanun babanki abin kunya." Shi ke ba ni haƙuri. Na kawo masa ruwa, na shige ɗaki na bar shi da maigidana, wanda shi ma bai san komai ba har yau.

Yaya Sale ya saida karsanar. Yanzu sahun gaba yake tsayawa a masallaci, yana ba matasa labarin yadda ake maganin Fulani. Da na same shi na ce ya ji tsoron Allah, aure ya mutu saboda mu, sai ya gyara tabarau ya ce ai dai an yi masa ɓarna, dole wani ya biya, wane ne ba damuwarsa ba. Na dube shi na ji ƙyama, sai na tuna shi ƙarya ɗaya ya yi, ni kuwa na yi ta ranar kyautar waya, na yi ta gaban maigari, ina kuma yin ta kullum da na gaida tsohon. Na goge abin daga wayata, amma na cikin wayar Bappa yana nan, Yaya na ci gaba da kallonsa.

Jiya Bappa ya aiko. Wai wayar tana zafi, tana shanye caji, zai shigo ranar kasuwa in raka shi wajen mai gyara tunda ni na san kanta. Ina iya karɓa in sa a goge a ɓoye, in miƙa masa, ya sake yi mini addu'a, ɗiyarsa kuma ta ci gaba da zama a gida babu miji. In kuwa na faɗa, na tona ɗan uwana a gaban gari, na rasa mutuncina, kuma na san Bappa ba zai zage ni ba, shanun zai koro ya tsayar mini a ƙofar gida ya juya. Ban ma sani ba ko Jibo zai yarda ya dawo.

Kada wani ya ce mini in tuba kawai. Na sani. Tuba ba ta mayar da yarinyar nan ɗakinta. Kwana uku sunka rage. In tsohon nan ya yi sallama a ƙofata da wayar a hannunsa, me zan yi?