Gumin Gilashin Motar Baba

Litinin, 16 ga Yuni

Ruwa tun asuba. Baba ya dawo daga kai yarana makaranta yana ta faɗa, wai iskar da ke busar da gumin gilashin gaba ta daina fitowa, duk hanya da tsumma ya yi ta gogewa. Na ce gobe sai in sa su a tasi. Kallon da ya yi mini! Mutumin da ya tsufa yana jan motar asibiti. Tun rasuwar Inna, wannan fitar safen ce kaɗai ke raba shi da ɗaki. Na koma kan keken ɗinki.

Laraba, 18 ga Yuni

Mun je wurin mai wayarin, mai gyaran wutar mota. Fis ne ya ƙone. Ya sa sabo, shi ma nan take ya ƙone. Sai da ya kwance fankar da ke ƙarƙashin dashbod, ashe ta cushe da busasshen ganye da ledar alewa. Na san masu aikin, ni na haife su. Baba yana tsaye a kansa, a sassauta wannan, a ɗaure wancan. Bawan Allah ya yi haƙuri. Da aka kunna, iska har tana neman cire mini ɗankwali.

Asabar, 21 ga Yuni

Wai har yanzu gilashin bai washe ba. "Aikin yaran zamani," in ji Baba.

Talata, 24 ga Yuni

Mun koma. Mai wayarin ya rufe tagogi, ya ɗora kofin ruwan zafi a kan dashbod har gilashin ya yi fari. Ya kunna iska, muna kallo gumin ya janye tas. Baba ya matso da fuska, ya ce, "Ta ɓangarena da saura." Muka yi dariya ni da mai gyara, na ce Baba dai ba a iya masa.

Alhamis, 26 ga Yuni

Ina yi wa 'yata Ƙaramar kitso take ba ni labarin wasan da suke yi da Kaka a mota. In an zo danja, wadda ta riga faɗin launin fitilar ita ke cin alewa. Babbar ta zungure ta, ta ce Kaka ya ce wasan nasu ne su uku. Na tambaya tun yaushe. Wai tun kafin ruwa ya sauka.

Ashe yara ne ke duba masa fitilar. Tsoro nake ji, wallahi tsoro.

Juma'a, 27 ga Yuni

Na ce wa yara kwana biyu ba su huta ba, yau su zauna gida. Ƙarya ce. Na ɗinka hannun riga a baibai, na farke.

Litinin, 30 ga Yuni

Na ce zan bi su in sayo zare. Babu ruwa yau, rana ƙal, gilashi fes. Baba yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana ta goge wurin da babu komai. Hanyar ya haddace ta, ya san kowane rami. Amma mai baro ba rami ba ne, ba a haddace shi. Sai da na yi ihu ya taka birki. Tsakaninmu da mutumin bai fi taku ba.

Yara suka sauka, muka juyo. A ƙofar gida ya kashe mota, ya ce, "Kin gan shi tun daga nesa?" Na ce e, Baba. Ya daɗe yana naɗe tsumman nan. Na so ya yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 3 ga Yuli

Likitan ido. Na hagu yanar ido ce ta rufe shi, za a iya cirewa. Na dama jijiyar ce ta lalace, abin da ya tafi ya tafi. Ya ce ban da tuƙi. Baba ya tambaye shi ko na ɗan lokaci ne. Likita ya kalle ni, ni kuma na kalli takalmina.

Ni na kai mu, ni na dawo da mu. Da muka iso na mayar masa da kujerar baya daidai tsawon ƙafarsa, na rataye makulli a ƙusar ɗakinsa.

Litinin, 7 ga Yuli

Ruwa kuma. Na zaci ba zai fito ba, sai ga shi da hularsa, ya riga kowa shiga mota, a ɗaya kujerar. Yara a baya. Gilashi ya yi gumi, ya ce, "Kunna iskar mana, ai an gyara." Duk hanya gyara yake mini, wai ina sakin kuloci kamar mai jin haushinsa. A danja Ƙaramar ta ce ja! Ya miƙa mata alewa.

Zaren ja ya ƙare, gobe in saya. Makullin yana cikin jakata, bai tambaya ba. Kujerar ma na bar ta inda ƙafata ke kaiwa. Mantuwa ce, ina ji.