Zai Sayar Da Irin Geronmu Don Gano Uban 'Yan Kwikwiyo

Anti Hajo, ki taimake ni kafin in gaya wa maigidana maganar da ba za ta janyu ba.

Mafarauci ne, yana da wata jar karya da ya sawo a Burkusuma, irin dogayen karnukan Buzaye. Ya kai ta wurin jan karen amininsa Attahiru aka yi barbara. Da ta haihu, 'ya'yan duk baƙaƙe, ga gajerun ƙafafu. Tun ranar ya daina gaisawa da Attahiru, wai karensa ba ɗan asali ba ne.

Yanzu ya gani a waya ana gwajin ƙwayoyin halitta: a goga auduga a bakin kare a aika ƙasar waje, su faɗi asalinsa da launin da ke cikin jininsa. Ya rantse sai ya yi, kuma irin geron da na adana don shukar baɗi zai sayar. A wannan fari, da ko kara ba mu samu na kirki ba.

Ni kuwa na san uban. Da ciyawa ta ƙare, shi da hannunsa ya tsinke dangar bayan gidanmu ya ba sansa karan, makiyayan da suka sauka bayanmu kuma suna da wani baƙin kare mai yawan zumunci. Na faɗa a gaban ƙannensa, ya ce me mace ta sani a kan karnuka. Ni da na koyar da kimiyya kafin ya iya ɗana tarko. Yaya za ni yi?

Mai Fushi, daga garin Isa

Mai Fushi, irin nan kada ya bar rumbu, ko da za ki kwana a bakinsa.

Amma ki yi wa mutumin adalci. Gwajin gaskiya ne, kuma launi kan ɓuya a jini ya fito daga baya. Ya ci buri a kan karyar nan, ke kuma kika kwance masa zani a gaban ƙanne.

Ki same shi shi kaɗai, bayan ya ci tuwo. Ki nuna masa cewa gano uba sai an haɗa da yawun karen da ake zargi, wato sai ya je da audugarsa ya yi sallama a ƙofar Attahiru. Tunda zuwan ya zama dole, ya bar audugar a gida ya tafi da goro.

Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya ba ku damina mai albarka.